Za a iya kiwon kilifish a Zariya ba tare da tsayayyar wuta ba?

Wani ɗan'uwa daga Samaru ne ya aiko da tambayar. Ya ce yana da tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, kuma ya sha zuba kifin ado irin jajayen nan da ake kira golfish suna mutuwa, musamman in aka kwana biyu babu wuta. Kwanan nan ya ga bidiyo ana juye wata baƙar ƙasa cikin ruwa, kafin awa biyu 'ya'yan kifi sun fito suna iyo, aka ce sunansu kilifish. Yana son ya san ko gaskiya ne, ko za su rayu a Zariya, da wanne ya kamata ya fara, kuma me ake ba su.

Ɗan'uwa, abin da ka gani gaskiya ne, babu rufa-ido a ciki. Kuma kilifish ya fi golfish dacewa da halin da muke ciki nesa ba kusa ba. Sai dai shawarata, kada ka fara da wannan irin na cikin ƙasa. Ka fara da wanda ake kira Fundulopanchax gardneri, kifin ƙasarmu ne, kuma ka shiga harkar da niyyar koyon fitar da 'ya'ya tun ranar farko. Kilifish ba mai tsawon rai ba ne, ba kuma kifin da za ka koma kanti ka ƙaro duk sanda ka ga dama ba. Wanda bai iya tsintar ƙwai da renon ƙanana ba, bayan shekara ɗaya ko biyu tankinsa zai koma wayam.

Kilifish ba kifi ɗaya ba ne, dangi ne mai nau'i sama da 1,000, a Afirka da Amurka da Asiya da kudancin Turai. Yawancinsu ba sa wuce santimita 4 zuwa 7. Abin da ya kamata mai kiwo ya duba shi ne yadda suke hayayyafa. Akwai masu zama a rafin da ba ya ƙafewa, suna liƙa ƙwai a jikin ciyawar ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku. Akwai na kududdufi da tafkin damina, waɗanda rayuwarsu duka damina ɗaya ce. Su ne ka gani a bidiyo. Kowa a nan ya san gaiwa, yadda take shiga laka ta naɗe kanta ta yi rani a bushe har ruwa ya sauko. To su waɗannan dabararsu ta bambanta: iyayen mutuwa suke yi da zarar ruwa ya ƙafe, ƙwan da suka binne a laka shi ke yin ranin. Ɗan da ke ciki yakan girma zuwa wani mataki ya tsaya cik, numfashinsa ya ragu ƙwarai, ya jira. Ruwan sama na cika wurin sai ya fasa ya fito. Tsakanin waɗannan biyun akwai masu iya ko wanne, ƙwansu ya ƙyanƙyashe a ruwa ko ya jure 'yan makonni a danshi. Gardneri yana cikin waɗannan.

Na damina da suka fi shahara su ne dangin Nothobranchius na gabashi da kudancin Afirka. Ɗaya daga cikinsu, Nothobranchius furzeri na Zimbabuwe da Mozambik, yakan balaga cikin mako biyu zuwa uku, ya tsufa ya mutu cikin wata uku zuwa shida, shi ya sa masu binciken tsufa a Turai da Amurka suka mai da shi dabbar gwaji. Mu ma muna da namu a arewa. A 1928 wani masanin kifi Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana wani ɗan kifin damina da aka samo a kogin Kiyawa, wajen ƙasar Katagum, har yau kuma sunan kogin na jikin sunansa: Pronothobranchius kiyawensis. Masuntanmu ba sa ko kallon irinsa, don ba ya shiga miya.

Dalilin da ya sa na ce ka dakata da na damina shi ne komai nasu da gaggawa yake. 'Ya'yan da suka fito yau suna bukatar abinci mai rai cikin 'yan awoyi, sau biyu ko uku kullum, babu fashi. Suna saurin kamuwa da cuta in ruwa ya ɓaci. Lokacin da ka fara gane halinsu sun riga sun tsufa, in kuma ba ka tara ƙwai ba a wannan ɗan tsakanin, shi ke nan. Ga kuma 'yan kasuwar intanet masu sayar da ƙunshin ƙasa babu sunan kifi, babu ranar da aka kwashe ƙwan. Sau da yawa ƙasa zalla mutum ke saya.

Gardneri kuwa yana yafe kuskure. Asalinsa Najeriya ne da yammacin Kamaru, wani masanin dabbobi, George Boulenger, ne ya bayyana shi a 1911. Namijin yakan kai santimita 6 ko ɗan fi. Jikinsa shuɗi-kore mai sheƙi, da jajayen ɗigo jere daga kumatu har wutsiya, bakin wutsiyar sama da ƙasa da layi rawaya a wasu, a wasu fari-shuɗi. Ka tsaya gefen tanki da safe lokacin da haske ya shigo ta gefe, ya hango mace, ya buɗe fikafikansa duka ya ɗan karkace yana rawar jiki, a nan za ka ga launin sosai. Macen ba ta da wannan ado, ruwan ƙasa ce da 'yan ɗigo marasa ƙarfi. Yana cin busasshen abinci, yana jure bambancin ruwa, kuma in an kula da shi yakan yi shekara biyu zuwa uku.

Wani abu da zai ba ka mamaki: masu kiwonsa a Jamus da Ingila da Amurka suna rubuta sunayen garuruwanmu a jikin tankunansu. Za ka ga gardneri Makurdi, gardneri Akure, gardneri Lafia, gardneri Rayfield na Jos. Sunan wurin da aka fara kamo kakanninsu ne, kuma ƙa'idar harkar ita ce ba a haɗa na wani wuri da na wani. Matan duk kama suke da juna, in suka cakuɗe babu mai iya raba su, jikokin kuma sukan fito da gurɓataccen launi, wani lokaci ƙwansu ma ba ya kamawa. Duk wanda ya ba ka kifi, ka tambaye shi sunan wurin, ka rubuta a takarda ka liƙa a tanki.

Game da golfish ɗinka, rashin wuta ƙarashe ne kawai. Kifin ruwan sanyi ne, yana girma ya wuce santimita 20, yana ci da yawa yana kashi da yawa. Tankinka lita 54 yake ɗauka, ya yi masa kaɗan tun asali, famfon iska ne ke riƙe da ransa, da an ɗauke wuta sai abin ya bayyana. Kilifish ya saba da ruwa marar zurfi, marar gudu, cike da ganye. Namiji ɗaya da mata biyu ko uku a lita 54 ba sa bukatar famfo ko matata, muddin akwai tsirrai kuma kana canza ruwa. In kana so ka ƙara, ɗan famfon iska mai aiki da batirin cajin waya da matatar soso sun isa, ka rage ƙarfin iskar, don ba sa son ruwa mai tumbatsa.

Abu na farko da za ka tanada, tun kafin kifi, murfi ne. Kilifish gwanin tsalle ne, a daji haka yake tsallakawa daga wannan ɗan gurbin ruwa zuwa wancan. Ramin da tiyon iska ke bi ma ya ishe shi. Za ka tashi da safe ka tarar da shi a bushe bayan kabad, kiyashi sun rufe shi, kuma yawanci namiji mafi kyau ne ke tafiya. Ka sa kafinta ya yi maka firam na katako daidai bakin tanki, a ɗaura ragar taga irin ta roba. Raga ta fi gilashi amfani a nan saboda zafi, zan zo kan wannan. Duk wata kafa ka toshe da soso. Ko bokitin da ka ajiye su na minti biyar kana wanke tanki, ka rufe shi.

Cikin tankin bai bukatar kwalliya. Ɗan yashin rafi da aka wanke sosai, mai duhu ya fi, domin a kan farin ƙasa launinsu kan koɗe. Tsirrai masu yawo a sama su ne ginshiƙi: kainuwa tana yi ƙwarai, saiwoyinta na ba mata mafaka, tana zuƙe dattin ruwa, tana rage haske. Kada dai ta rufe saman duka, ka riƙa rage ta. In ka ɗebo ta daga kududdufi ko bakin kogin Kubanni, kada ka jefa ta tanki kai tsaye. Tana zuwa da matsattsaku, da 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi, da dodon koɗin da ke ɗaukar tsargiya. Ka wanke, ka tsince, ka ajiye ta a wani baho daban na mako biyu ko uku kana canza ruwa, kai kuma kada ka shiga irin wannan ruwa ƙafa ba takalmin roba. Busasshen ganyen bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa don inuwa, wadda yara ke fasa ƙwallonta su ci, masana na ce mata Terminalia catappa, guda ɗaya ko biyu a tanki yana mai da ruwa kalar shayi, kifin kuma suna sakewa a ciki. In sabon tanki za ka haɗa wajen masu yankan gilashi a Sabon Gari, ka tabbata silikon ɗin da za a manna gilashin da shi ba mai maganin fumfuna ba ne, wannan guba ne ga kifi.

Ruwa. A Zariya kusan kowa na haɗa hanya biyu ko uku: famfo in ya zo, burtsatse, rijiya, 'yan ga-ruwa. Gardneri ba mai tsirfa ba ne, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi masa. Abin da ba ya so shi ne yau ruwan nan, gobe wancan. Ka zaɓi majiya ɗaya ka tsaya a kanta. Ruwan famfo yana da kulorin, ka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana biyu ko ka sa maganin cire kulorin. Na burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, shi ma ya kwana a buɗe. Rijiyar da ke kusa da shadda ko kwata, ka bar ta. Ruwan da aka sa wa alum don ya kwanta, shi ma haka. Na 'yan ga-ruwa matsalarsa jarka ce, ba ka san abin da ta ɗauka jiya ba. Ruwan sama yana da kyau in an gauraya shi da na burtsatse, amma ba na farkon damina ba, wanda ya wanko ƙurar rani daga kwano. Ka ware bokiti da tiyo da soso na kifi kaɗai, waɗanda omo ko sabulu bai taɓa taɓawa ba, ka kuma gaya wa mutanen gida.

Sabon tanki ba a zuba masa kifi ranar da aka cika shi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin yashi da soso da saiwoyi, wasu su mai da amoniya naitirait, ita ma guba, wasu su mai da wannan naitiret, wadda ke da sauƙi kuma tsirrai na sha. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ka cika tanki, ka sa tsirrai, ka riƙa jefa ɗan mitsitsin abinci duk bayan kwana biyu, ka jira. In wani mai tsohon tanki mai lafiya zai ba ka ɗan yashinsa ko ya matse maka sosonsa a ruwanka, lokacin zai ragu. Bayan kifi sun shiga, kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa da tiyo, ka mayar da sabo mai zafi daidai da na ciki. Kada ka taɓa kwashe komai ka wanke tanki fes, wannan kashe bakteriyar ne. Da hunturu ruwa na saurin raguwa saboda bushewar iska. Cikawa kawai ba canji ba ne, ruwan ne ke tashi, gishirin da ke cikinsa da datti suna nan suna taruwa.

Inda aikin yake a Zariya shi ne zafi, ba sanyi ba. Gardneri ya fi son digiri 22 zuwa 26. A Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura 35 a waje, ɗakin kwano marar silin yana iya kai ruwan tanki 30 ko fiye. A irin wannan zafi iskar da ke cikin ruwa tana raguwa, kifi ya daina saka ƙwai mai kyau, ya yi saurin tsufa. Ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada, ka duba shi da asuba da kuma bayan la'asar na 'yan kwanaki kafin ka yanke inda tanki zai zauna. Ƙasa-ƙasa ya fi kan tebur, ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma ya fi, ginin ƙasa mai soro kuma ya fi duka, don zafinsa ba ya hawa da sauka da sauri. A nan murfin raga ke aiki: iskar bazara kafin ruwa ya sauka busasshiya ce, ruwa na tashi daga saman tanki yana sanyaya na ƙasa, in ka ɗora 'yar fanka mai caji tana busa saman za ka rage digiri biyu ko uku. Jiƙaƙƙen buhun algarara a jikin gilashin baya da gefe yana taimakawa. Kada ka jefa ƙanƙara, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa. Ruwan tankin sama na baƙar roba kuma ka ɗebe shi da sassafe, na azahar ya dahu. A waɗannan watanni ka rage abinci, ka ƙara yawan canjin ruwa kaɗan-kaɗan.

Sanyin Disamba da Janairu bai kai wannan ba. Ko da dare ya sauka ƙasa da digiri 15 a waje, ruwan cikin ɗaki bai cika bin sa har can ba. Ka rufe tanki da bargo da magariba, ka ɗora gilashi ko leda a kan raga, ka janye shi daga taga. In ruwan bai yi ƙasa da 20 ba, babu damuwa, za su ɗan rage ci ne kawai. Hita mai aiki awa uku ta mutu awa goma ba ta da amfani, hawa da sauka take jawowa.

Wani abin da ke kashe kifi a gidajenmu ba tare da an gane ba shi ne maganin sauro. Feshi, fiya-fiya, na kunnawa, duk suna sauka a saman ruwa, kifi kuma ba ya jure ko kaɗan. In za a yi feshi, a rufe tanki ruf da leda, a kashe famfon iska, sai ɗaki ya sha iska a buɗe. Hannun da ya taɓa maganin feshin gona ko man shafawa kada ya shiga ruwan.

Abinci kuwa, dubi bakinsa, sama yake kallo. Mai cin ƙwari ne da ke faɗowa ruwa da tsutsotsin da ke rataye a samansa. Gardneri zai karɓi busasshen abincin kifin ado, har da mafi ƙanƙantar ƙwayar abincin 'ya'yan tarwaɗa da ake samu wajen masu kayan kiwon kifi, amma wannan yana da maiƙo, kaɗan za ka sa. Sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Launi da yawan ƙwai dai sai da abinci mai rai. Tsutsar sauro ita ce gaba da komai, da damina kuma ba a rasa ta. Ban ce ka ajiye ruwa kana kiwon sauro a gida ba, zazzaɓi ba abin wasa ba ne. Ka zaga da 'yar raga ka kwashe wadda ke cikin tsofaffin tayu da gwangwanaye da ramukan bulo, ka zubar da ruwan, ka ɗauraye ta, ka ba su iya abin da za su cinye nan take. Ban da ta cikin kwata. In ka lura za ka ga iri biyu: mai rataye kai ƙasa a karkace, da mai kwanciya miƙe a saman ruwa. Ta biyun ita ce ta sauron zazzaɓin cizon sauro, kifin kuma duka yake ci. Gara daga ruɓaɓɓen itace, shinge lokacin farkon damina, 'yan ƙudajen da ke taruwa kan ruɓaɓɓiyar ayaba, tanar da aka yanka ƙanana, duk abinci ne.

Namiji ɗaya tak za ka sa. Biyu a ƙaramin tanki, ƙarfaffan zai takura ɗayan har ya mutu. Shi ɗayan ma bin mata yake ba dare ba rana, shi ya sa ake sa biyu ko uku su raba wahalar, da wurin ɓuya. Ka bar tankin nasu su kaɗai. In aka ce babu gardneri sai wani mai ruwan zinariya da ake kira Aplocheilus lineatus, ɗan Indiya da Sirilanka, shi ma yana da ƙarfi kuma ya fi jure zafi, amma yana kai santimita 10, duk abin da ya shiga bakinsa kuma haɗiyewa yake.

Fitar da 'ya'ya abu ne mai sauƙi fiye da yadda kake zato. Ka sayi zaren saƙa na roba, kore ko mai duhu, irin wanda mata ke saƙa hular jarirai da shi. Ban da na auduga, yana ruɓewa. Ka naɗa shi a jikin littafi kamar sau 50, ka ɗaure gefe ɗaya, ka yanke ɗaya gefen, ya zama tuntu. Ka zuba masa tafasasshen ruwa ya fitar da rini. Ka yi guda biyu, ɗaya ka ɗaura masa murfin gora ya yi yawo, ɗaya ka bar shi ya nutse, don gardneri ya fi son saka ƙwai ƙasa-ƙasa. Za ka ga namiji ya ja mace cikin zaren, ya rungume ta da fiffikensa na baya, su yi 'yar karkarwa, ƙwai ɗaya ya fita. Haka suke yi, kaɗan-kaɗan kullum.

Duk bayan kwana biyu ko uku ka ciro tuntun, ka matse shi a hankali, ka zauna wurin haske kana buɗe zaren silili-silili. Ƙwan bai fi milimita ɗaya da rabi ba, garau yake da ɗan ruwan zuma, kuma yana da tauri, za ka iya cire shi da yatsa ba ya fashewa. Ka tara a 'yar roba mai murfi da ruwan tanki zurfin santimita 2, ka ajiye a inuwa. Wanda ya yi fari fat bai kama ba, ka cire shi da sirinji kafin fumfuna ta kama na kusa da shi. Bayan mako guda za ka fara ganin baƙaƙen ɗigo biyu a ciki, idanu ke nan. Tsakanin kwana 14 da 21 sukan fito. In idanu sun cika da zobe mai ƙyalli amma sun ƙi fitowa, ka canza musu ruwa da sabo mai ɗan sanyi, ko ka hura numfashinka cikin robar ka rufe na 'yan awoyi, yawanci hakan na tayar da su.

Abincin farko shi ne inda mutane ke faɗuwa, alhali a Zariya muna da sauƙi biyu. Na farko, masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna amfani da atemiya, ƙwan wani ɗan jatan ruwan gishiri, saboda haka masu sayar musu da kaya sun san ta. Ka tambaya ko mai ƙyanƙyashewa ce ko wadda aka cire wa ɓawo. Ta biyun galibi ba ta ƙyanƙyashewa, jiƙa ta ake yi a bayar, ƙananan kilifish kuma sun fi kai wa abin da ke motsi. Mai ƙyanƙyashewa ba dole sai da famfo ba: gishiri giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya, ka zuba a faffaɗan faranti zurfin santimita 1 ko 2, ka barbaɗa ƙwan kaɗan a sama. Bayan awa 24 zuwa 36 ka haska tocilan a gefe ɗaya, za su taru wajen hasken, ka zuƙe da sirinji, ka tace a ƙyalle, ka bayar. Cikin 'ya'yan zai yi jajir-jajir, alamar sun ƙoshi. Na biyu kyauta ne: ƙwan sauro, wanda ke yawo a saman ruwa a dunƙule, baƙi, kamar ɗan gutsuren gawayi. Ka ɗauko ɗaya ko biyu ka sa a robar 'ya'yan, kwana ɗaya ko biyu ya fashe da tsutsa daidai bakinsu. Kullum ka zuƙe datti ka ƙara sabon ruwa, ka riƙa mai da su babban mazubi yayin da suke girma, ka raba manya da ƙanana don suna cin juna. Wajen wata biyu maza za su fara nuna launi.

Cutar da ta fi damun kilifish ita ce wadda ke sa jiki ya yi ƙura-ƙura mai ruwan zinariya. Ba a ganinta sosai sai ka kashe fitila ka haska kifin da tocila daga gefe. Yakan matse fikafikai, ya riƙa goga jiki, numfashi ya yi sauri. Ƙananan takan share su cikin 'yan kwanaki. Ka canza ruwa, ka narkar da gishiri cokalin shayi ɗaya a kowace lita 4 ko 5 ka zuba a hankali, ka rufe tankin ya yi duhu na kwanaki, don ƙwayar cutar na amfana da haske. Kainuwa ba ta son gishiri, ka cire ta tukuna. Duk sabon kifi ya yi mako biyu ko uku a wani mazubi daban kafin ya shiga wurin sauran.

In ka raini zuriya biyu ta gardneri lafiya, sai ka nemi na damina, ka fara da Nothobranchius guentheri na Zanzibar, wanda ya fi sauran haƙuri. Su ana sa musu 'yar roba cike da dusar ɓawon kwakwa, irin da masu renon furanni ke amfani da ita, bayan an tafasa an ɗauraye. Suna shiga su binne ƙwai. Bayan mako ɗaya ko biyu ka kwashe, ka matse, ka shanya a kan jarida har ta rage danshi kawai ba ta ɗiga, ka ƙulle a leda da ɗan iska, ka rubuta suna da kwanan wata, ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi-sanyi. Wata biyu zuwa uku, gwargwadon zafi, sai ka duba. In idanu sun bayyana ka juye a ruwa marar zurfi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka kwashe 'ya'yan, ka sake busar da dusar, ka sake jiƙawa bayan mako uku ko huɗu, domin ba duka ke fitowa lokaci ɗaya ba. Haka suke a daji ma, in ruwan farko ya yaudare su ya ɗauke, saura na nan.

Samun kifin shi ne mai wuya. Da wuya ka same shi a kantin kifin ado a nan, sai ta hannun masu kiwo ko masu harkar kifin ado a Legas. Ƙwai ya fi kifi sauƙin tafiya, amma ka nace a rubuta maka cikakken suna da ranar kwashewa, kuma kada a turo shi cikin bazara ya kwana a bayan mota. In daga waje ne, hukumar killace kayan gona ta tarayya, NAQS, ita ke kula da shigo da irin waɗannan, ka bi ta hanyarta. Akwai kuma 'yan uwansu na yankinmu na sabana, Epiplatys bifasciatus da Poropanchax normani mai ido mai ƙyallin shuɗi, waɗanda ke zama a gefen rafuka da fadamu cikin ciyawa. Sun saba da zafinmu, in ka samu ka ɗauki kaɗan. Kifin da ya zo daga wani wuri kuwa, in ka gaji da shi ka ba wani, kada ya shiga Kubanni ko Galma.

Ka haɗa tanki da tsirrai a watan Mayu, kifi su shiga a Yuni lokacin da zafi ya karye kuma tsutsar sauro ta wadata. Kafin bazara ta gaba za ka sami 'ya'ya masu ƙarfi, ka raba su gida biyu, rabi wajenka, rabi wajen wani abokinka mai ɗaki da ya fi naka sanyi.